Gawo arba'in da uku a gonar aro

Shekarun baya can, wajen lokacin da aka karya darajar sefa, buhun takin zamani ya zama sai dai talaka ya gaishe shi daga nesa, ni ina noman dawa da masara a wata gona kan hanyar Gider, in an wuce Pitowa kaɗan. Kada wani ya ɗauka gadon noma na yi. Kakana falke ne daga ƙasar Kano, fatauci ya kawo shi Garwa ya zauna. Mahaifina ɗan tireda ne, 'yan uwana ma duk kasuwa suke. Ni ma an ɗora ni a kan goro, sai dai ni irin ɗan kasuwar nan ne da in hira ta yi daɗi yake raba hajarsa wa 'yan hira. Lekol kuwa, wato makarantar boko, aji biyu na yi, ni da malamin muka ga gara kowa ya huta. Saboda haka in kun ga rubutun ya karkace, ku yi haƙuri, da yatsa ɗaya nake dannawa.

Gonar ba tawa ba ce. Ta wani abokina ce, dattijo Bafulatani da ya girme ni sosai, wanda muka saba a teburin goro. Da ya ga kasuwa ta kore ni, ga iyali, sai ya ce, "Akwai wani fako da na gada, ko ciyawa kunyar fitowa take yi a wurin. In za ka iya da shi, je ka."

Aron gona a nan yana da ƙa'ida, kowa kuma ya san ta. Ka noma abin da za ka girbe a shekara. Bayan kaka ka kai wa mai ƙasa dami ɗaya har ƙofar gidansa, ba don yana jin yunwa ba, don jama'a su ga cewa har gobe ka san ba taka ba ce. Ba ka haƙa rijiya, ba ka yin gini, ba ka dasa itace. Wanda ya dasa itace a gona ya ce tasa ce, ko bakinsa bai furta ba. Na san wannan tun ban iya riƙon fartanya ba.

Na yi shekara uku ina fama da fakon nan. Ruwan sama in ya sauka gudu yake ya wuce da ɗan abin da ya rage na ƙasar kirki, wuta-wuta kuma ta cika ko'ina da furenta mai kyau kamar an gayyace ta biki. Dawar da nake samu, in na cire damin abokina, ba ta kai mu tsakiyar rani.

Ana nan sai aka ce furoje ya zo. Wai wata ƙungiya daga ƙasar Turawa ta haɗa kai da wasu ma'aikatan gona da kuma ƙungiyar manoman yankin, za a koya mana yadda ƙasa za ta farfaɗo ba sai da takin buhu ba. Kalmar da suka yi ta nanatawa a taron farko ita ce fartanariya, tafinta ya ce haɗin gwiwa ke nan. Ni dai gaskiya labarin burodi da sardin na ji, shi ya kai ni.

Malamin da aka ba mu wani matashi ne daga kudu, mai babur, Fulatancinsa duk a kakkarye, Hausarsa kuwa gaisuwa ce kawai da zagi biyu da wani ya koya masa a matsayin godiya. Musye muke ce masa. Ba zan ci amanarsa ba, mutumin yana da aiki. Shi ya nuna mana jera duwatsu a kwance don su tare gudun ruwa, da barin kara a gona maimakon ƙonawa, da haƙa ramin tara taki, da juya dawa da wake da gyaɗa shekara bayan shekara. Duk abin da ya koya mana gaskiya ne. Wannan ma shi ya fi ba ni haushi har yau, don da ƙarya ce da tuni na manta.

Sai batun gawo, wanda Fulani ke ce wa caski. Ya zaga gonata yana nuna min 'yan tsiron da nake sarewa duk shekara wajen shara. Ya ce itacen nan da damina yake kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya yi wa dawa inuwa, ganyen ya zame mata taki. Da rani kuma ya yi kore, shanu su kwanta a gindinsa su bar maka kashi. Ya ba ni gwangwanin jan fenti, ya ce duk wanda na zaɓa in shafa masa a jiki, don mai huɗa da makiyayi su san an bar shi da gangan.

Na ce, "Musye, gonar aro ce fa. A nan ba a dasa itace a gonar aro."

Ya yi dariya ya ce, "Papa, wa ya ce ka dasa? Da kansu suka fito. Kai dai kada ka sare."

Wallahi maganar nan ta yi min daɗi fiye da sardin ɗin. Ni mutum ne mai son hujjar da za ta kubutar da ni, na kuwa rungume ta. Duk da haka na je na gaya wa abokina. Na same shi yana ba tumakinsa dusa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai dai Bahaushe ba ka rasa ta inda za ka ɓulla. Bar su, ai ina da rai." Shaidunmu a ranar tumaki huɗu ne.

Arba'in da uku na zaɓa. In kun san gawo yana ƙarami, kun san ƙaya ce zalla, ba ya son a taɓa shi. Na riƙa rage masa rassa don ya miƙe, ina ɗaure masa sanda, ina kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Hannuwana duk zane. Matata ta ce, "Malam, 'ya'yan da na haifa maka ma ba su ga irin wannan reno ba." Na ce su ai ba sa tsayawa inda na ajiye su.

Ba dare ɗaya abin ya faru ba, amma ya faru. Duwatsun suka tara ƙasa a bayansu, karan ya ruɓe, wuta-wuta ta ja da baya. Zuwa shekara ta shida itatuwan sun fi ni tsawo nesa ba kusa ba, dawar da ke kusa da gindinsu ta yi baƙi-baƙi don ƙoshi. A karo na farko hatsinmu ya haɗu da sabo. Damin da na kai wa abokina a shekarar sai da aka taya ni saukewa.

Furoje suka mai da gonar wurin nuni. Suka kafa wani allon ƙarfe a bakin hanya, fari da koren rubutu. Na gane sunana a ciki, sauran kuwa Faransanci ne, ban tambaya ba. Me zan tambaya, ni da sunana bai taɓa hawa komai ba sai katin zaɓe? Har hoto na ɗauka a jikinsa da babbar riga. Ana kawo manoma a mota daga Marwa, daga Ngaundere, in tsaya ina yi musu bayani kamar ni na ƙirƙiro gawo. Wani lokaci in ƙara gishiri. Na taɓa ce wa wasu kakana ne ya koya min, alhali kakana bai san bambancin dawa da gero ba sai a kwano.

Sai Allah ya yi wa abokina rasuwa, da rani, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Babban ɗansa ma'aikaci ne a Ngaundere, mutum mai ladabi, Bappa yake ce min tun yana saurayi. Bayan sadakar arba'in ya fito zagayen filayen mahaifinsa, ya ce in raka shi nawa. Muna isa ya tsaya a gaban allon nan. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya dubi itatuwan da jan fenti a jikinsu, jere har ƙarshen gonar.

Ya ce, "Bappa, ka san abin da aka rubuta a nan?"

Na ce, "Sunana ne."

Ya ce, "An rubuta gonarka ce. Da girmanta, da adadin itatuwan da ka raya, da shekarar da ka fara."

Na ce ai mahaifinsa ya sani, shi ya ce in bar su. Ya ce bai musa ba, amma wa ya ji? Ba zan dai ce masa tumaki ba. Ya ce shi bai zarge ni da komai ba. Amma ni da shi duka za mu mutu, ranar da 'ya'yana za su tsaya da nasa a gaban sufurefe, hakimin gwamnati, su da itace arba'in da uku da allo da takardar furoje, nasa da me za su tsaya? Ya ce ƙannensa bakwai ne, amanarsu a wuyansa take.

Na so in ji haushinsa, na kasa. Ni ma da ni ne haka zan ce.

Muka je gaban jauro, mai unguwar ƙauyen, da dattawa. Na kawo hujjar nan tawa da nake ji da ita, na ce, "Ranka ya daɗe, ban dasa ko ɗaya ba. Allah ne ya fito da su."

Jauro ya ce, "Fentin ma Allah ne ya shafa?"

Aka yi dariya, har da ni, don abin ya cancanta. Da aka natsu ya yanke magana. Ya ce ba wanda ke son raba ni da abincin iyalina. In ina son ci gaba da noman gonar, in cire allon, in sare itatuwan da hannuna a gaban shaidu, don kowa ya ga ni da kaina na janye. In kuwa ba zan iya ba, in bar gonar da itatuwanta. Ya ba ni zuwa ruwan fari.

Washegari na sa babbar rigar nan ta hoto na tafi biro, wato ofishin furoje, a Garwa. A raina abin mai sauƙi ne. Su suka kafa allon, su suka ba da fentin. Su zo da motarsu gaban jauro su ce kuskurensu ne, su rubuta takarda cewa ƙasa ta magada ce, itatuwa ma nasu ne, ni ɗan aro ne kawai, kowa ya sa hannu. Aikin rabin yini. Na riga na tambayi ɗan abokina, ya ce in da hatimi a kai zai duba.

Na yi zaman benci daga hantsi har azahar. Da aka shigar da ni wurin shugaban, ga Musye a gefe yana tafinta. Na zayyana komai. Shugaban ya saurara da kyau, har yana gyaɗa kai, sannan ya ce ya tausaya min ƙwarai, amma batun mallakar ƙasa ba ya cikin aikinsu. Su fannin dabarun noma suka zo yi. In suka sa hatimi a rikicin gona ɗaya, gobe ɗari za su zo.

Na ce, "To allon da ya ce gonata ce, a wane fanni yake?"

Musye bai fassara wannan ba. Ya sunkuyar da kai yana gyara takardu. Na ce masa, "Musye, ranar farko na gaya maka aro ce ko ban gaya maka ba?" Ya ce a hankali, "Ka gaya min, Papa." Na ce to gaya wa maigidanka. Ya faɗi wani abu gajere da Faransanci, wanda ko ni mai aji biyu na san bai kai tsawon maganata ba.

Abin da shugaban ya sallame ni da shi gargaɗi ne. Wai in sani gawo itace ne da doka ke karewa, kuma wanda ya sare nasa an cire shi daga cikin manoman furoje. Na fito titi ina magana ni kaɗai, har wani ɗan acaba ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya.

Na zagaya neman wata gonar. Inda duk na je, ko dai fako ne irin wanda na fara da shi, ko kuma an ji labari, ana tsoron a ba ni aro in zo da fenti. Na yi kwana da kwanaki ina cewa ba zan sare ba, a bakin duk wanda ya tsaya saurare. Matata ta bar ni na gama cika bakina, ranar nan tana tankaɗe ta ce, "Malam, mu tara ne a gidan nan. In ka bar gonar, gawon za ka riƙa zuwa kana gaisarwa, ko shi zai riƙa aiko mana da tuwo?"

Na ce, "Ke ba ki san wahalar da na sha ba."

Ta ce, "Wa yake cire maka ƙayar?"

Hadari ya fara haɗuwa a gabas na wasa gatari. Jauro ya ce shi zai yi wa malamin daji bayani, ya kuwa yi, ba a taɓa ni ba. Shaidu uku suka zauna a kan duwatsun da na jera da hannuna. Ɗan abokina ya zo, ya tsaya can nesa, bai iso ba. Kwana biyu na yi ina sara. Ba wai itatuwan sun yi kaurin da za su ci kwana biyu ba, ni ne nake yawan zama. Ɗaya daga cikin shaidun ya ce in kawo ya kama min, na ce jauro da hannuna ya ce. Allon kuwa na ɗauko shi a ka har gida, matata ta yi ƙofar akurkin kaji da shi, sunana yana kallon ciki.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara ce na yi shiru. Bayan kaka sai aka kira taron rufe furoje, wa'adinsu ya cika. An cire ni daga lissafi, amma ba wanda ya gaya wa ƙafata, na je na zauna a baya. Suka manna manyan hotuna a bango. Ina dubawa sai ga gonata, biyu gefe da gefe: ɗaya da itatuwa da ni a tsaye cikin babbar riga, ɗaya kututture zalla. Ashe sun koma sun ɗauka.

Shugaban ya nuna su da sanda yana bayani, tafinta yana juyawa da Fulatanci. Ya ce wannan misali ne na babbar matsalar da suka fuskanta. Manomi ne da aka horar shekara shida, ya ga amfanin abin da idonsa, amma rana ɗaya ya sare duka. Ya ce canza tunanin manomi yana buƙatar lokaci da wayar da kai. Manyan baƙin da ke gaba suka yi ta gyaɗa kai suna rubutawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ni ne na cikin rigar." Aka juyo. Na ce, "Kaina a waye yake, ranka ya daɗe. Ku uku kuka zauna kuka ce haɗin gwiwa, da mai kuɗi, da mai ilimi, da mai fartanya. Mai ƙasar fa? Shekara shida motarku tana wucewa ta ƙofar gidansa, wa ya taɓa tsayawa ya yi masa sallama? Ku tambayi mutanen nan, nawa ne a cikinsu ke noma gonar kansu."

Manoman da ke zaune kusa da ni suka fara gunaguni, wani ya ce gaskiya ne. Tafinta ya fara juyawa, bai kai rabi ba mai gabatarwa ya dubi agogo ya ce tambayoyi sai bayan cin abinci. Bayan cin abinci kuwa baƙi suka shiga motoci. Kuma kada in yi muku ƙarya, na ci abincin. Shinkafa ce da nama. Fushina bai taɓa sauka har cikina ba.

Abin da ba wanda ya ɗauki hotonsa shi ne abin da ya biyo baya. Gawo ba ya mutuwa don an sare shi. Saiwarsa tana can ƙasa da nisa, duk shekara kututturen nan sai su tofo, kore shar, da ƙarfinsu fiye da na farko. Sharaɗin jauro kuwa yana nan. Don haka duk shekara wajen shara sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na datse. Shekara goma sha ɗaya na ƙara a gonar, goma a ciki ina kashe itatuwan da na san inda kowannensu yake ko da idona a rufe. Mun ci abinci, ban ce ba mu ci ba, duwatsun da juyin wake sun riƙe ƙasar daidai gwargwado. Amma ba ta sake kai inda ta kai a shekara ta shida ba.

Yanzu in na ji a rediyo ana cewa manomanmu ba sa karɓar sabon abu, sai in ce ƙarya ne. Mun karɓa. Ni da na je don burodi ma na karɓa, har na fi mai koyarwar so. Wanda zai ce wa mutum ya yi aikin da sai bayan shekara goma zai nuna, ya fara tambayarsa ko ƙasar da yake tsaye a kai za ta bar shi ya kai shekara goman. In bai tambaya ba, ko an gaya masa ya yi dariya, to ranar da abin ya rushe kada ya rataya hoton talaka a bango. Ɗan abokina ban riƙe shi da komai ba, har yau in ya shigo Garwa sai ya zo ya gaishe ni. Musye ma na yafe masa rabi.

Shekarar da gwiwoyina suka ce sun gaji, na yanke shawarar mayar da gonar. A wannan shekarar ban datse tohon ba. Na yi shuka a tsakaninsu, na girbe, suka kai min ƙugu. Na ɗora damin ƙarshe a amalanke na kai wa ɗan abokina, lokacin ya yi ritaya ya dawo gida. Na ce ga gonarsu nan, na gode, Allah ya jiƙan mahaifinsa.

Ya ce, "Amin, Bappa. An ce min bana ba ka sare tohon ba."

Na ce, "Ban sare ba. Yanzu ba ɗan aro a kanta, ba wanda zai yi muku gardama. In sun dame ka, kana da gatari."

Ya dubi damin. Ni kuma na nemi takalmana.